Kafin Ka Karɓi Makulli: Jagorar Sayen Sabon Gida a Gombe

Sabon gida ya fi tsoho wuyar bincike. Tsohon gida ya sha damina goma ko ashirin, duk aibinsa ya riga ya fito: inda yake yoyo ya bar tabo a silin, inda tushe ya motsa bango ya tsage, kuma maƙwabta sun san tarihinsa. Sabo kuwa bai taɓa ganin ruwan Agusta ba. Filasta da fenti sun rufe bulo da rodi, tayil ya rufe bututu, silin ya rufe katako. Abin da ido ke gani ranar da dillali ya kai ka shi ne mafi arha a ginin, kuma mafi sauƙin gyarawa. Abin da zai ci maka kuɗi daga baya yana ƙarƙashi, ko yana cikin fayil a ofishin filaye.

A Gombe sabbin gidajen sayarwa sun kasu uku. Akwai rukunin gidaje da kamfani ke ginawa, akwai na mutum ɗaya mai gina gida ko biyu ya sayar ya sake gina wasu, irin waɗanda suka yawaita wajen Tumfure da Bypass da hanyar Liji, sannan akwai na gwamnati da ake rabawa ma'aikata su riƙa biya daga albashi. Matakan da ke tafe sun shafi dukkansu. Ƙa'ida ɗaya ce ta ratsa su: kuɗi bayan bincike yake tafiya. Duk matakin da ba ka kammala ba, kada kuɗinsa ya bar hannunka.

Mataki na 1: Lissafa abin da za ka kashe, ba kuɗin gidan kaɗai ba

Farashin da aka faɗa maka ba shi ne ƙarshe ba. Akwai la'adar dillali, wadda yawanci kashi 5 cikin ɗari ce, wasu su nemi fiye. A yanke ta tun kafin a je ganin gida, a kuma san wa zai biya, mai saye ko mai sayarwa ko kowa da nasa. Akwai kuɗin lauya, kuɗin binciken fayil, kuɗin neman amincewar gwamna, kuɗin hatimi da na rajista. Akwai ladan injiniya da safiyo. Bayan nan sai abubuwan da magina suka saba bari: mita, tankin ruwa da ƙafarsa, ragar sauro, kantocin kicin, daɓen tsakar gida, wani lokaci har ƙofar gida ta ƙarfe. Shawararmu ita ce ka ware kashi 10 zuwa 15 na farashin domin waɗannan. Wanda ya zuba duk abin hannunsa a kuɗin gida, shi ne ke ɗage canja suna a takarda zuwa "wani lokaci", kuma wannan lokacin ba ya zuwa sai rigima ta taso.

Ma'aikacin da ake cire masa kashi 2.5 na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da dokar 1992, yana iya neman rance daga bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, ta hannun bankin lamuni mai lasisi. Kuɗin ruwan kashi 6 ne a shekara, wa'adin biya yana kaiwa shekara 30 gwargwadon shekarun da suka rage wa mutum a aiki, kuma sai ya yi aƙalla wata shida yana zubi. Tun 2022 hukumar fansho ta PenCom ta yarda mai asusun fansho ya yi amfani da abin da bai wuce kashi 25 na ajiyarsa ba wajen biyan kason farko na rancen gida, in ya cika wata 60 yana zubi. Wanda ba ya son mu'amala da kuɗin ruwa sai ya nemi bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ, inda ake bi ta murabaha, wato banki ya sayi gidan ya sayar maka da riba sananniya, ko ta ijara, ka riƙa biyan haya har gidan ya zama naka. Ko ta wace hanya ka bi, banki ba ya karɓar gidan da takardarsa ba ta cika ba. Wannan ma wata kariya ce gare ka.

Mataki na 2: San mai sayarwa

In kamfani ne, karɓi lambar rajistarsa ka duba a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka ga ko sunan ya dace da wanda ke jikin takardar fili da kuma asusun bankin da aka ce ka tura kuɗi. Sunaye ukun nan su zama ɗaya. In mutum ne, ka zauna da shi ido da ido, ba da dillali kaɗai ba.

Sai ka nemi ya nuna maka gidan da ya gina ya sayar shekara uku ko huɗu da suka wuce. Koma can kai kaɗai, ka yi sallama da mai gidan, ka tambaye shi abu uku: rufi ya yi yoyo, bango ya tsage, takarda ta fito? Maginin da ya ƙi nuna tsohon aikinsa ya ba ka amsa.

Mataki na 3: Takardu

A nan ne aka fi asarar kuɗi, domin bangon da ya tsage ana gyara shi, amma gidan da ke kan filin wani ba shi da gyara.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa shi ne izinin zama da amfani na wani wa'adi, yawanci shekara 99 ga gidan zama, kuma shaidarsa ita ce takardar C of O. Wa'adin yana fara ƙirguwa ne daga ranar da aka ba mai filin na farko, ba daga ranar da ka saya ba. Dokar ta kuma ce ba a miƙa wannan izini ga wani, ko a jinginar da shi, sai da amincewar gwamna. Takardar ciniki da aka rubuta gaban mai unguwa da shaidu tana da amfani, tana nuna an yi ciniki an biya, amma ba ta maye gurbin wannan amincewar.

Ka nemi kwafin waɗannan tun kafin maganar kafin alƙalami:

- Takardar C of O, ko takardar ba da fili daga gwamnati in C of O bai fito ba tukuna.
- Taswirar safiyo mai ɗauke da lambobin duwatsun iyaka.
- Takardun cinikin da suka gabata, daga mai filin na farko har zuwa mai sayar maka, ba tare da giɓi ba.
- Zanen ginin mai hatimin amincewar hukumar tsara birane ta jiha, GOSUPDA.
- Rasidan kuɗin ƙasa na shekara-shekara.

Miƙa wa lauyanka waɗannan, lauyan da kai ka ɗauka kake biya, ba na kamfanin ba. Zai rubuta neman bincike a GOGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen jihar Gombe. Abin da ake so binciken ya fito da shi: sunan wa ke cikin fayil, lambar fulotin da girmansa sun dace da na takardar hannu, an ware wurin don gidan zama ne ko don makaranta ko kasuwa ko hanya, akwai jingina a banki, akwai ƙorafi ko umarnin kotu, kuma akwai bashin kuɗin ƙasa. A karɓi sakamakon a rubuce. "Na tambayi wani a ofishin ya ce babu matsala" ba bincike ba ne.

Jihar Gombe an cire ta daga Bauchi ne a 1996, don haka tsofaffin takardun fili na ɗauke da sunan gwamnatin jihar Bauchi. Wannan ba aibi ba ne. Sai dai a tabbatar fayil ɗin yana nan a Gombe kuma an shigar da shi cikin sabon tsari, domin masu takardun jabu sun fi son fakewa da tsohuwar takarda.

Gari ya faɗaɗa ya cinye gonaki, har ya shiga ƙasar Akko da Kwami da Yamaltu Deba. Da yawa daga cikin sabbin gidaje suna kan gonar da mai ita ya yanka fuloti-fuloti da kansa, babu tsarin gwamnati. Irin wannan wurin yakan zo da matsala biyu. Ta farko, hanyoyin da aka bari ƙanana ne, ranar da gwamnati ta zo fitar da titi da kwalbati sai katangar wani ta tafi, kuma ginin da ba shi da izini yana iya rasa diyya. Ta biyu, gado. In gonar ta gado ce, a ga takardar rabon gado daga kotu, ko sa hannun dukkan magada, mata da maza, har da wanda ke zaune Legas ko Fatakwal. A mazhabar Malikiyya abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓi kason. Magajin da aka tsallake yana iya tasowa bayan ka gama fenti. A nan ne ziyarar mai unguwa da dagaci ke da ranarta: sun san gonar wa ce, su wa ya bari, kuma ko an taɓa kai ƙara a kanta.

Ga mai saye a rukunin gidaje akwai wani tarko. Kamfani yakan riƙe C of O guda ɗaya babba da ta rufe filin duka, ya ba kowane mai saye wasiƙar ba da gida. Wasiƙar nan alkawari ce tsakaninka da kamfani kawai. In kamfanin ya jinginar da babbar takardar a banki don samun kuɗin gini, kuma ya kasa biya, gidanka yana cikin abin da banki zai bi. Tambayi kai tsaye ko akwai jingina. In akwai, a samo wasiƙar banki cewa zai saki fulotinka da zarar ka biya. A kuma rubuta a yarjejeniya yadda za a yanke maka taka takardar, wa zai biya kuɗin, kuma cikin wata nawa.

Daga ƙarshe kai safiyo mai rajista wurin, ya auna da na'ura. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 ya zama mita 15 a 30 ke nan, kusan murabba'in mita 450. Ya nemo duwatsun iyaka, ya tabbatar gidan yana zaune a kan fulotin da takarda ta ambata. Ana samun gida mai kyau da takarda mai kyau, amma takardar ta fulotin maƙwabci ce.

Mataki na 4: Duba ƙasar kafin ginin

Garin Gombe yana cikin kwari ne, ruwa yana gangarowa daga tudun yamma ya ratsa gari zuwa gabas, ƙasar kuma mai yashi ce a wurare da yawa, ba ta da riƙo. Shi ya sa zaizayar ƙasa ta zama babbar matsalar garin, har aka kashe maƙudan kuɗi ƙarƙashin shirye-shiryen NEWMAP da ACReSAL wajen ɗaure manyan kwaruruka. Kwarin da ba a ɗaure ba yana cin gefensa kowace damina. Kada ka tsaya a ƙofar gida. Zagaya unguwar da ƙafa, mita ɗari biyu ko uku ta kowace fuska. In ka ga kwari, tambayi tsofaffin mazauna inda bakinsa yake shekara biyar da suka wuce. Buhunan yashi da aka jera a ƙofofin gidaje, ko tushen katanga da ya fito fili, duk suna gaya maka hanyar ruwa ce.

Akwai kuma fulotin da aka cike. Ramin da aka haƙi ƙasa ko tsohon juji a zuba masa jar ƙasa a yi gini a kai, bayan damina biyu cikon ya zauna, daɓe ya lotsa, bango ya biyo shi. A wasu sassan kuma baƙar laka ce, wadda ke kumbura da ruwa ta tsattsage da rani, tana ɗaga tushe tana saukewa. Alamarta a bayyane take: dubi katangun maƙwabta da suka girmi gidan. In yawancinsu sun tsage a karkace ko sun jingina, ƙasar ce, kuma sai ka ji daga bakin injiniya wane irin tushe aka yi wa naka.

Daɓen gida ya fi titi tsayi da aƙalla layin bulo biyu, kusan santimita 45. Ka tuna titin da ba a yi wa kwalta ba zai ƙara tsayi ranar da aka yi masa. Gidan da yau yake daidai da hanya, gobe ruwa zai riƙa shigo masa ta ƙofa.

Ɗaga kai ka dubi sama. Babban layin wuta mai ƙarfin 330kV yana buƙatar a bar masa mita 25 ta kowane gefe, na 132kV kuma mita 15. Gini a cikin wannan tazara haɗari ne, kuma abin rushewa ne.

In da hali, ka ga gidan sau biyu: ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, da kuma da rana tsaka.

Mataki na 5: Ginin kansa

Ɗauki injiniyan gini mai rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN, ko magini mai rajistar hukumar magina ta CORBON, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa. Ku je da tocila, tsani, guduma ƙarama, ma'aunin ruwa na birkila, da bokiti. Ku ware awa uku.

Fara da tambayar hotunan lokacin gini. Kusan kowane magini yanzu yana ɗaukar hoto da waya. Hoton ramin tushe, na rodi kafin a zuba kankare, da na katakon rufi kafin a buga silin sun fi duk bayanin baki. A ginshiƙi da bim ana sa ran rodi mai kaurin milimita 12 zuwa 16 gwargwadon zane, da zobba waɗanda ba a yi musu tazara mai yawa ba. In bene ne, kada ka saya sai injiniyanka ya ga zanen ƙarfen da sunan wanda ya sa ido a aikin.

Bulo. Buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya fitar da bulo mai inci 9 fiye da 30 zuwa 35 ba. Masu neman riba sukan kai shi 50 ko fiye, su kuma hana shi ban ruwa. Nemi ragowar bulo a harabar gidan, ko wurin da ba a yi wa filasta ba kamar bayan katanga ko cikin silin. Karce shi da ƙusa: in yana zubar da yashi, siminti ya yi kaɗan. Ɗaga guda zuwa ƙirji ka sake shi a ƙasa mai tauri. Mai kyau zai tsaya ko ya rabu biyu, marar kyau zai watse. Bangon waje da duk wanda ke ɗauke da nauyi ya zama inci 9, a bar inci 6 ga rabe-raben ciki. Kaurin bango a bakin taga zai nuna maka.

Tsagewa iri biyu ce. Siririya kamar gashi wadda ta bazu a fuskar filasta, daga bushewa da sauri ne, musamman aikin da aka yi da hunturu ko da zafin Maris ba a ba shi ruwa ba. Wannan gyaran fenti ne. Wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ko ta fito ciki da waje a wuri ɗaya, wannan tushe ne ke motsi. In faɗinta ya kai milimita 3, magana ta koma hannun injiniya. Lura da wurin da fenti ya fi na kewayensa sabunta, ko filasta ta yi tudu: an toshe wani abu a can. Ƙofar da ke cijewa a sabon gida ita ma abin tambaya ce.

Dubi gindin bango, layin bulo biyu na farko daga ƙasa. Fenti mai kumbura ko farin gishiri-gishiri yana nufin damshi na hawowa, domin ba a shimfiɗa leda ko kankaren da ke tare shi ba. Gyaransa bayan an gama gini yana da tsada, kuma ba ya cika warkewa.

Rufi. Sa wani ya hau cikin silin da tocila. Iskar farkon damina a wannan yanki tana yaye kwano duk shekara, kuma kusan kullum dalili ɗaya ne: an ɗora katako a kan bango ba a ɗaure shi ba. A ga langa-langa ko rodi da ya fito daga cikin kankaren saman bango ya naɗe katakon, a kowace mita ɗaya ko kusa da haka. A ga katakon ya sha maganin gara ko'ina, ba gefen da ake gani kaɗai ba, kuma babu hanyar gara a jikin bango. Kashe tocila ka duba ko haske na shigowa ta hudar ƙusa. Kwanon alminiyam kada ya gaza kaurin milimita 0.45, 0.55 ya fi; nemi rasidin kamfanin da ya yanka shi. Rufin zamani da ake ɓoyewa a bayan bango yana da kyan gani, amma duk ruwan yana taruwa a magudanar kankare. In ba a shafe ta da abin hana ruwa ba, ko bututun fitar da ruwan ƙanana ne, ganye da leda su toshe su, sai ruwa ya koma cikin ɗaki. A zuba bokiti biyar a can sama a ga inda ya bi.

Tayil kuma a bi shi da ƙwanƙwasa da makulli. Inda ya yi ƙarar fanko babu siminti a ƙarƙashi, zai fashe. A banɗaki zuba bokiti guda a ƙasa: ruwan ya nufi rariya da kansa, kada ya kwanta a kusurwa ko ya nufi ƙofar ɗaki. Banɗakin bene a toshe rariyarsa, a tara ruwa santimita 2 ko 3 ya kwana, washegari a duba silin ɗin ƙasa.

Akwai abubuwan da injiniya ba zai duba maka ba sai kai da iyalinka. Tagar benen maƙwabci tana leƙa tsakar gida? Baƙo namiji zai iya shiga falo da banɗakin baƙi ba tare da ya ratsa ta wajen mata ba? Akwai wurin girkin itace ko gawayi a waje, da wurin shanya, da inda za a ɗaure ragon layya? Masai bai fuskanci alƙibla ba, wadda daga Gombe take gabas da ɗan karkata zuwa arewa? Ɗakin kwanan da bangonsa ke kallon yamma yana riƙe zafi har tsakar dare a watan Afrilu, sai in yana da taga biyu a bango daban-daban kuma silin ya kai mita 3. Ka je da uwargida tun gani na biyu. Ita za ta ga abin da kai ba za ka gani ba, kuma ya fi a ji shi kafin a biya.

Mataki na 6: Ruwa, wuta, sokawe

Ruwan famfon Gombe daga madatsar Dadin Kowa yake zuwa, kuma bututu bai kai kowace sabuwar unguwa ba. A unguwannin tudu ruwan ƙasa yana da nisa, haƙa rijiyar burtsatse na da tsada, wani lokaci a haƙa ba a samu ba. Tambayi maƙwabta uku daga ina suke shan ruwa a watan Maris da Afrilu, kuma nawa suke kashewa a wata kan tanka ko 'yan garuwa. In an ce gidan yana da burtsatse, a kunna injin ya yi awa guda cur kana tsaye; ramin da ba shi da ƙarfi yakan ba da ruwa minti goma ya ɗauke. Mutum ɗaya yana buƙatar aƙalla lita 50 a rana, gida mai mutum takwas lita 400 ke nan, tanki mai lita 2,000 zai kai su kwana biyar. Cikakken tankin nan nauyinsa tan biyu ne, don haka a duba ƙarfen da ke ɗauke da shi da walda. Cika tankin, rufe duk famfuna, sa alama, ka dawo washegari. In ruwa ya ragu, bututu yana yoyo a cikin bango ko ƙasa.

Sokawe ya yi nesa da rijiya ko burtsatse da kusan mita 30 in fili ya bari, har da na maƙwabci, kuma ya kasance ta ƙasan gangare. Buɗe murfin ka gani: akwai ramin tara ƙazanta daban da na tsotse ruwa, akwai bututun fitar da iska, kuma motar kwasa za ta iya isowa.

Wuta daga kamfanin rarraba lantarki na Jos take. Duba ko gidan yana da mitar kati, ka kuma kai lambarta ofishinsu a tabbatar babu bashi, domin wutar da aka yi walda da ita lokacin gini takan zauna a kan gidan. Tambayi ko taransifomar unguwar tana aiki ko har yanzu karo-karo ake yi. Mai wayarin ɗinka ya buɗe akwatin rarraba wuta da soket biyu ko uku: waya mai milimita 1.5 ta fitilu ce, 2.5 ta soket, 4 ta na'urar sanyaya ɗaki da hita. Ta zama jan ƙarfe zalla, a cikin bututu, kuma a nuna maka sandar da aka binne a ƙasa don ɗauke shokin. Siririyar waya a layin soket ita ce ke zafi a cikin silin har ta ta da gobara. In babu wuta ranar, a kawo janareta a gwada kowane soket.

Mataki na 7: Yarjejeniya da biya

Duk abin da aka gano a rubuta shi ɗaki-ɗaki, da hoto, ku sa hannu ku biyu. Ko a gyara kafin biya, ko a rage kuɗin gyaran daga farashi. "Ka shiga kawai, za mu turo yara su gyara" ba ya cika faruwa bayan kuɗi ya shiga asusu.

Yarjejeniyar ta ƙunshi cikakken sunan ɓangarorin biyu, lambar fuloti da ta fayil, farashi, ranar miƙa gida, jerin abin da ke cikin cinikin, da sharaɗin mayar da kafin alƙalami in bincike ya nuna matsala a takarda. A sa wa'adin gyara: duk aibin gini da ya fito, mai gini zai gyara da kuɗinsa. A kwangilar gini an saba da wata shida, amma wata shida daga Nuwamba zai ƙare kafin damina ta kankama. Nemi wata goma sha biyu, ko a rubuta cewa wa'adin sai ya haɗa da damina guda cikakkiya. Ka riƙe kashi 5 na kuɗin har wa'adin ya cika. Magini zai yi gardama. In ya ƙi, a ajiye kuɗin a hannun lauyan da kuka yarda da shi ku biyu. A rukunin gidaje a rubuta kuɗin hidima na shekara, abin da ya ƙunsa na gadi da shara da ruwa, da kuma ko an yarda ka ƙara ɗaki ko ka ɗaga katanga.

In gidan ba a gama shi ba, ko a zane kawai yake, kada ka biya da kwanan wata, biya da aiki. Misali kashi 20 a sa hannu, 20 in an gama tushe da daɓe, 20 a linta, 20 bayan rufi, 15 a ranar miƙa makulli, 5 bayan damina, kuma injiniyanka ne zai ce matakin ya cika. A fayyace kayan da za a sa, kaurin kwano da girman waya da irin ƙofa, domin gidan nuni da aka kai ka ba shi za a ba ka ba. A kuma rubuta abin da zai faru in siminti ya tashi ko an wuce ranar gamawa. Malamai sun san irin wannan ciniki da sunan istisna'i, kuma sharaɗinsa shi ne a siffanta abin da za a ƙera yadda babu jayayya. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi mai wa'adi da kafa shaidu, don haka babu kunya a neman rubutu ko da mai ginin ɗan'uwa ne ko abokin sahu a masallaci.

Biya ta banki, zuwa asusun mai sunan da ke takarda, ka rubuta lambar fulotin a bayanin turawa. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biyan tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Kada kuɗin gida ya bi ta asusun dillali.

Mataki na 8: Ranar karɓa da abin da ke biyo baya

Biyan ƙarshe da karɓar takardun asali a zama ɗaya ake yin su. A nan za a sa hannu a takardar miƙa mallaka da lauyanka ya tsara, da fom ɗin neman amincewar gwamna, mai sayarwa ya ba da hotunansa da shaidar biyan haraji da duk abin da ofis ke nema daga gare shi. Karɓi waɗannan a ranar, domin nemo shi bayan shekara biyu wahala ce, in kuma ya rasu sai ka bi magadansa ɗaya bayan ɗaya. Takardar wakilci da wasu ke bayarwa don gudun kuɗin rajista ba ta mayar da gida naka ba. A fayil sunan wancan ne har yanzu.

Shigar da takardun GOGIS cikin makon, ka biya ta hanyar da ofis ya tsara ka karɓi rasidi, ka riƙa bin fayil ɗin har a yi rajista da sunanka. Canja makullan waje. Mayar da mita sunanka. Karɓi zanen da ke nuna inda bututu da wayoyi suka bi, ka ɗauki hoton duk takardu ka ajiye kwafi a wani gida daban. Kai gaisuwa wurin mai unguwa tare da mai sayarwa, ya gabatar da kai a matsayin sabon mai gida.

Kafin ruwan farko share magudanar rufi da kwatar ƙofar gida. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi zagaya da tocila ka duba silin, gindin bango da bakin tagogi. Duk tsagar da ka gani, ja layi da fensir a ƙarshenta ka rubuta kwanan wata. In bayan wata guda ta wuce layin, tana tafiya ne, a kira injiniya. Aika wa mai ginin jerin gyaran a rubuce da hotuna, wata guda kafin wa'adin ya cika, ka ajiye shaidar cewa ya karɓa. Sai an gama gyaran, injiniyanka ya duba, sannan ka saki kashi biyar ɗin da ka riƙe.